Ko Ka Sani? Kowace Ƙafa a Allon Arduino da Aikinta

Allon Arduino Uno bai cika tafin hannu ba, amma yana iya tayar da injin ban ruwa, ya kashe shi, mai lambu yana gida. A garin Ivrea na Italiya aka fara ƙera Arduino a 2005 domin ɗalibai. Ƙwaƙwalwar Uno wata ƴar aba ce baƙa mai suna ATmega328P. Ta ƙafafunta take ji, ta nan take ba da umarni, kuma an fito da su ramuka jere a gefen allon, kowane da lambarsa.

Ƙafafu 14, daga 0 zuwa 13, abu biyu kaɗai suka sani: akwai wuta, ko babu. Wasu shida, A0 zuwa A5, su ne masu awo. Ka soka ma'aunin laima a fangalin albasa, ka kawo wayarsa A0, allon zai mayar da abin da ya ji lamba tsakanin 0 da 1023. Da wannan lamba yake gane ƙasa ta bushe.

In zai yi magana da wata na'ura, hanya uku gare shi. UART tana kan 0 da 1: RX ke karɓa, TX ke aikawa. Sai an gicciya wayoyin, bakin wannan zuwa kunnen wancan. In TX ya haɗu da TX, shiru za ka ji. Da UART ake haɗa na'ura mai ɗaukar layin salula. I2C, wadda kamfanin Philips ya fitar a 1982, waya biyu take buƙata, A4 da A5, kuma agogo da allon rubutu suna iya hawa kansu tare, kowa da adireshinsa. SPI, a kan 10 zuwa 13, ta fi sauri, ita ake ba katin ajiya.

A yi hattara: ƙafa ɗaya miliyamfa 20 aka yarje mata. Wanda ya ɗaura mata inji kai tsaye ya ƙone ta. Makunni na musamman ake sawa a tsakani, shi zai ɗauki nauyin wutar. Kuma dole a haɗa ƙafar ƙasa, wato GND, ta kowace na'ura wuri guda.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Nijar. Abdou Maman Kané na kamfanin Tech-Innov ya ƙirƙiro tsarin ban ruwa ta wayar salula, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Manoman albasa na kwarin Tarka, wajen Madawa, sun san tsadar mai da wahalar tsaron inji. Matashin Deule, Buza ko Keita da ya iya gyaran salula ya riga ya ci rabin hanya. Ya nemi taswirar ƙafafun allo, ya haddace ta kafin ya taɓa waya, sannan ya fara gwaji da fitilar da ke kan ƙafa ta 13.