Matashin Kai: Yaushe Ya Kamata Ki Canza Shi?

Uwargida, shekara nawa filon da kike kwana a kai? Nakan yi wannan tambaya a ɗakin awo, sai ki ji wata ta ce ai na kayan ɗakinta ne, alhali ciki na uku take ɗauke da shi.

Kowane dare filo yana shan gumi, yawu, man kitso da ɓurɓushin fata. Wannan ɓurɓushi shi ne abincin wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda kashinsu ke tayar da atishawa, toshewar hanci da asma. Danshin damina yana ƙara musu yawa.

Gwada naki yau. Ninka shi biyu ki sake shi. Idan bai miƙe ba, ya gama aiki. Haka nan idan ya dunƙule, yana wari ko an shanya, ko fumfuna ta yi masa baƙin tabo. Yawancin filon kanti ba ya wuce shekara 1 zuwa 2.

Rigar filo a wanke ta duk mako da ruwan zafi, a goge. Shi kansa a riƙa shanya shi ana kakkaɓewa. Na audugar rimi kada ki jiƙa shi: farke ɗinkin, baza audugar a rana, wanke ƙyallen, sannan ki mayar. Na soso a shafe shi da tsumma mai ɗan danshi, ya bushe sarai kafin ya koma gado.

Ke mai juna biyu kin fi kowa buƙatar filo mai ƙwari. Daga mako 28 ki riƙa kwanciya ta gefe, domin a rigingine mahaifa tana danne babbar jijiyar jini, jinin da ke zuwa ga ɗan ya ragu. Sa filo ɗaya tsakanin gwiwoyinki, ɗaya ya tokare bayanki. In kin farka a rigingine kada ki tsorata, juya kawai.

Jariri kuwa ba shi da filo sai ya cika shekara 1, komai kyan wanda aka kawo ranar suna. Yana iya kifa fuska a kai numfashi ya gagare shi, ba kuwa zai iya ɗago kai ba. Na san kaka za ta ce kansa zai baje; ki lallashe ta da ladabi. A kwantar da shi a rigingine kan shimfiɗa mai ɗan tauri, cikin gidan sauro, naki filon kuma ki janye shi nesa da fuskarsa.