Sulhu Ba Ya Dawo da Gonar da Aka Sayar

Titin da ya tashi daga Kano zuwa Gwarzo bai tsaya nan ba, ya zarce Dayi a Jihar Katsina. Don haka duk abin da ya sami maƙwabtanmu na Katsina, mutanen Gwarzo da Kabo na jin hucinsa, a farashin hatsi da kuma dangin da suka sauka da ƙunshin kaya.

Gwamnan Katsina na lokacin, Masari, ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, bai ɗore ba: a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. A 2025 ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari suka sake zama da 'yan bindigar, a ƙarshen shekarar kuma hare-hare suka tsallako Shanono da Tsanyawa a Jihar Kano. Ana ta gardama kan ko sulhun ya dace. Ni abin da ya dame ni daban ne: wa ke maganar wanda aka talauta?

Dubi magidancin da aka sace wa mata. Ya sayar da shanun huɗa, ya jinginar da gona, dangi suka yi karo-karo, aka kai kuɗin fansa har da babur da katin waya. Matar ta dawo, alhamdulillahi. Damina ta faɗi, ga garma jingine a zaure, babu sa. Mai noma buhu-buhu ya koma ƙwadago a gonar wani, yara sun bar makaranta, 'yar ƙarama na talla. Ba sansanin gudun hijira yake ba, ɗakin ƙanensa ya raɓa, shi ya sa sunansa ba ya cikin takardar masu rabon tallafi.

Kuma ba alfarma yake nema ba. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati tsaro da walwalar jama'a, Najeriya kuma ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta tanadi diyya ga waɗanda rikici ya raba da muhallinsu. Wannan haƙƙi ya haɗa da makiyayin da 'yan sa-kai suka ƙone wa ruga bai ji ba bai gani ba.

Aikin ba gagara ya yi ba. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka kore wa shanu da gonar da ke hannun jingina. A fara rubuta su, daga dagaci zuwa hakimi, kafin a sake shimfiɗa tabarmar sulhu.