Wa ke tuƙa sauran motocin?

A shekarar 1989 wani kamfanin Amurka mai suna Papyrus ya fito da wasan kwamfuta na tseren Indianapolis 500. Motoci 33 ne suke tashi. Mai wasa yana riƙe da guda. Sauran 32 fa, wa ke tuƙa su? Kwamfuta ce.

Kwamfuta ba ta ganin hanya da ido. A irin waɗannan wasanni, masu shirya wasan ne suke shata mata wani ɓoyayyen layi bisa filin tsere. Layin nan shi ne hanya mafi sauri: kafin kwana mota ta buɗe waje, a tsakiyar kwana ta matso ciki, sannan ta sake fita. A kowane wuri an ƙayyade gudun da ya dace, da inda za a taka birki. Motocin suna bin layin kamar ayarin raƙuma, kowace a bayan ƴar'uwarta.

Nan matsalar take. In motar mai wasa ta shiga layin tana tafiya a hankali, sai wata ta banke ta daga baya, domin ba a koya mata kaucewa sosai ba. Masu wasan Gran Turismo na farko, na 1997, sun sha kuka da wannan.

Wasu wasannin kuma suna da wata dabara. In mai wasa ya yi nisa gaba, sai kwamfuta ta ƙara wa motocinta gudu. In an bar shi baya, su sassauta. Tseren yakan yi daɗi, amma da ɗan maguɗi a ciki: komi gwanintar direba, da ya waiwaya zai gan su a bayansa.