Neman Gurbin Karatun Likita: Wace Shekara Ya Kamata A Zauna JAMB?

Kowace shekara, daga watan Janairu zuwa Maris, cibiyoyin rajistar JAMB sukan cika da ɗalibai, kuma da yawansu sunan kwas ɗaya ne a bakinsu: likitanci. Iyaye na so, 'ya'ya na so. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, shin bana ce shekarar da ta dace yaron nan ya zauna, ko kuwa baɗi?

Tambayar tana da nauyi saboda yadda tsarin yake. An kafa hukumar JAMB a 1978, a 2010 ta haɗe jarrabawoyinta suka zama UTME, daga 2015 kuma aka koma rubutawa da kwamfuta gaba ɗaya. Sakamakonta na shekara guda ne kacal. Wanda ya ci maki 300 bana amma takardun sakandarensa ba su cika ba, makin ya tafi a banza, baɗi sai ya sake biyan kuɗi ya faro daga tushe.

Ga kuma ƙarancin gurbi. Majalisar kula da aikin likita da haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace tsangayar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, bisa la'akari da yawan malamai, ɗakunan gwaji da asibitin koyarwa. Saboda haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri ba su da ikon ɗaukar duk wanda ya haye mafi ƙarancin makin da aka sanar. Daga sama ake fara tsinta. A jarrabawar 2025, kusan mutum miliyan biyu suka zauna, fiye da miliyan ɗaya ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Mai neman likitanci kuwa, 200 ba ta kai shi ko bakin ƙofa.

Abubuwa uku ya kamata su haɗu kafin a ce lokaci ya yi. Na farko shekaru: ƙa'ida ita ce ɗalibi ya cika 16 kafin a ba shi gurbi, sai 'yan ƙalilan masu hazaƙa ta musamman da ake tantancewa daban. Na biyu sakamakon WAEC ko NECO: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma tsangayoyi da dama suna son a same su a zama ɗaya. Na uku, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne makin da ɗalibi yake ci a gwajin kansa.

A nan ne ɗan ajin ƙarshe na sakandare yake cikin tsaka mai wuya. UTME takan zo a Afrilu ko Mayu, WAEC na biye da ita kai tsaye, NECO na bayanta. Amfanin zama a wannan shekara shi ne karatun yana nan da ɗuminsa, kuma manhajojin jarrabawoyin sun yi kama sosai. Haɗarin shi ne raba hankali gida biyu, a tashi ba wan ba ƙanen. Idan makarantar ta gama manhajar Fiziks da Kemistiri kafin Disamba, yaro kuma yana cin kashi saba'in cikin ɗari a tsofaffin tambayoyi cikin ƙayyadajjen lokaci, to ya shiga. Idan har yanzu lissafin sinadarai na ba shi ciwon kai, gara ya maida hankali ga samun kiredit biyar masu kyau, ya ɗauki JAMB ɗin bana a matsayin sanin hanya. Shekara guda ta shiri ba asara ba ce ga mai shirin shafe shekara shida a jami'a, da shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa.

Shirin kansa yana farawa da sanin siffar jarrabawar. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Ke nan sani kaɗai bai isa ba, sai da sauri. Dabarar ita ce a fara da Bayoloji, wanda galibi tunawa yake buƙata, a tara wa Fiziks mintunan lissafi. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada a bar tambaya ba amsa.

A samu manhajar JAMB, a bi ta maudu'i bayan maudu'i na aƙalla wata huɗu zuwa shida. Tsofaffin tambayoyi na auna fahimta ne, haddace amsoshinsu ba ya kai mutum ko'ina. A buɗe littafi na musamman don rubuta kowace tambayar da aka faɗi da dalilin faɗuwar, a riƙa komawa kansa duk mako. Kada a raina Turanci, domin maki 100 yake ɗauke da shi kamar sauran, har da ɗan littafin labarin da hukumar ke sanyawa a karanta. Ɗalibin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba kuwa, ya nemi cibiya ya saba hannu, ya kuma yi rajistar jarrabawar gwaji ta hukumar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan lambar NIN, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardun makaranta tun kafin a buɗe rajista.

Wanda bai dace ba, hanya ba ta toshe ba. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, akwai kuma JUPEB, waɗanda ke ba da damar neman shiga aji biyu kai tsaye, ko da yake guraben likitanci ta nan ma kaɗan ne. Bayan UTME kuma jami'o'i da yawa suna da tasu tantancewar, don haka kada a rufe littafi ranar da aka fito daga zaure.

Ga iyaye, shawarar ita ce su daina auna lokaci da cewa ɗan maƙwabci ya shiga jami'a. Kafin a biya kuɗin rajista, a zaunar da yaro awa biyu da tambayoyi 180, a duba makinsa, a maimaita sau uku a makonni daban-daban. Abin da alƙaluman suka nuna, shi za a bi.