FASHIN BAƘI: Wa ke riƙe da makullin rumbun bayanan ofisoshinmu?

A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Jigawa ta bayyana cewa aikin tantance ma'aikata da ta gudanar ya bankaɗo sunayen bogi fiye da 6,000 a jerin masu karɓar albashi, kuma cire su zai rage wa jihar asarar sama da naira miliyan 300 a kowane wata. Gwamnatin tarayya ma ta taɓa yin irin wannan sanarwa a watan Fabrairun 2016, lokacin da Ma'aikatar Kuɗi a ƙarƙashin Kemi Adeosun ta ce ta cire sunaye 23,846 bayan an gwada jerin albashi da lambar BVN ta bankuna. A lokacin tsarin biyan albashi na kwamfuta, wato IPPIS, ya kusa shekara tara da fara aiki.

Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa, hankali yakan tafi ga yawan kuɗin da aka ceto. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ya shigar da sunayen? Suna ba ya rubuta kansa. Ko dai wani ya zauna gaban kwamfuta ya ƙara shi, ko kuma wani ya ga mai sunan ya rasu ko ya bar aiki amma ya ƙyale shi a jerin. Ko za a iya gano wannan mutum ko ba za a iya ba, ya dogara ne da abubuwa biyu da ake ɗauka aikin masu kwamfuta ne kawai: yadda aka gina shafin shiga, da yadda ake kula da rumbun bayanan da mutane da yawa ke aiki da shi.

Mene ne rumbun bayanai?

Rumbun bayanai kundin rajista ne da aka mayar cikin kwamfuta. Kowane layi na mutum ɗaya ne, kowane gurbi kuma na bayani ɗaya: suna, lambar aiki, matakin albashi, lambar asusun banki. Abin da ya bambanta shi da kundin takarda shi ne saurin bincike, da kuma cewa mutane da dama za su iya buɗe shi a lokaci guda.

Manyan hukumomi sukan ajiye nasu a wata kwamfuta ta musamman da ake kira uwar garke, wadda babu mai taɓa fayilolinta kai tsaye. Ƙananan wurare kuwa, irin su makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin adashi na ma'aikata, da kantunan magani, da wasu sassa na ƙananan hukumomi, sukan yi amfani da manhajar da ke kan tebur, kamar Microsoft Excel ko Microsoft Access. Ana ajiye fayil ɗaya a kwamfuta ɗaya, sauran kwamfutocin ofis su riƙa buɗe shi ta hanyar waya ko Wi-Fi. Yana da arha, kuma matashin da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko cibiyar fasahar sadarwa ta Kazaure zai iya haɗa shi cikin 'yan kwanaki. Wannan sauƙin shi ne alfanunsa, shi ne kuma inda rauninsa yake.

Aikin shafin shiga

Shafin shiga shi ne ɗan akwatin da ke fitowa da farko yana neman suna da kalmar sirri. In an gina shi yadda ya kamata, ayyuka uku yake yi. Na farko, ya tabbatar da cewa mai shigowa shi ne wanda ya ce shi ne. Na biyu, ya ƙayyade masa iyaka: akawu ya iya shigar da bayani amma kada ya iya gogewa, shugaban sashe ya iya amincewa amma kada ya iya sauya lambar asusu. Na uku, ya sa a rubuta sawunsa: wa ya shiga, yaushe, me ya sauya, me ke wurin kafin ya sauya.

A bayan fage akwai jadawalin masu izini, mai ɗauke da sunan kowa da matsayinsa. Ƙa'idar da masana tsaro suka yi ittifaƙi a kanta ita ce ba a ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. Ana bi da ita ta wani lissafi da ke niƙe ta ta koma jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana, kamar geron da aka mayar gari, wanda ba zai sake komawa tsaba ba. Idan mutum ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta a gwada da garin da ke ajiye. Ana kuma ƙara wa kowa wasu haruffa nasa na dabam kafin niƙan, domin kada mutum biyu masu kalma iri ɗaya su fito da sakamako iri ɗaya. Da haka ko wanda ya gina manhajar ba zai iya karanta kalmar sirrin kowa ba.

Inda bango ke tsagewa

A ɗauki misalin wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Yalwawa da ke Dutse, mai malamai talatin da ɗalibai ɗari biyar. Akwai kwamfuta uku: ta shugaban makaranta, ta ma'aji, da ta jami'in jarrabawa. Dukkansu suna buɗe fayil ɗaya mai ɗauke da kuɗin makaranta, da sakamako, da lambobin wayar iyaye. A irin wannan tsari akwai kafofi huɗu da ɓarna ke shiga.

Ta farko ita ce kalmar sirri ɗaya ga kowa, wani lokaci ma a rubuce a takarda an manna jikin kwamfuta. Ranar da aka ga an mayar da kuɗin da wani uba ya biya daga 40,000 zuwa 14,000, rajistar za ta nuna suna ɗaya ne ya yi, sunan da mutum uku ke amfani da shi. Mai laifi ya samu mafaka, marasa laifi biyu sun shiga zargi. Sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne ke kwana a ciki, domin shi ne ba shi da mai tsaya masa.

Ta biyu ta shafi ita kanta manhajar. Tun daga fitowar Access 2007, sabon nau'in fayil ɗinsa ba ya ɗauke da tsohon tsarin raba izini tsakanin masu amfani. Saboda haka shafin shigar da mai haɗa manhaja ya gina da hannunsa ya fi kama da labule a kan ƙofa. Idan bai toshe wannan hanya ba, duk wanda ya danne madannin Shift yayin buɗe fayil ɗin zai tsallake shafin, ya faɗa kai tsaye cikin jadawalin bayanai. Can zai iya sauya abin da ya ga dama ba tare da rajistar ta rubuta komai ba, domin rajistar tana aiki ne kawai ga wanda ya bi ta ƙofa.

Ta uku ita ce kwafi. Duk wanda ke da damar buɗe fayil ɗin yana da damar ɗaukarsa gaba ɗaya a filas ya sa aljihu. Idan ba a kulle fayil ɗin da kansa da kalmar sirri mai ƙarfi ba, to bayanan ɗalibai ɗari biyar da iyayensu sun fita.

Ta huɗu ita ce tsoffin masu izini. Ma'aikaci ya bar aiki ko an sauya masa wuri, amma sunansa na shiga yana nan da rai. Wanda ya san kalmarsa zai ci gaba da aiki da sunan wanda ba ya nan. Hanyar da ma'aikacin bogi ke daɗewa a jerin albashi ke nan: babu wanda aka ɗora wa alhakin rufe sunan wanda ya tafi.

Kula da rumbun da ake tarayya a kansa

Ba sata kaɗai ke cinye bayanai ba, sakaci ma yana ci. Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, kuma ko da yake a rubuce mutum 255 za su iya buɗe shi a lokaci guda, a aikace yakan fara nauyi tun kafin a je kusa da wannan adadi. Babbar barazanarsa ita ce katsewa a tsakiyar rubutu. Idan aka ɗauke wuta ko sadarwar ofis ta yanke a daidai lokacin da wani ke ajiye bayani, fayil ɗin zai iya lalacewa ga kowa. A garin da ake sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareto sau da yawa a yini, wannan ba abin da za a ce sai an yi rashin sa'a ba ne. Batirin da zai riƙe kwamfutar da fayil ɗin ke ciki na 'yan mintoci ya fi sabuwar kujerar shugaba muhimmanci.

Masu wannan sana'a suna da matakan da suka saba bi. Ana raba rumbun gida biyu: jadawalin bayanai a kwamfuta ɗaya, shafukan shigarwa da na rahoto kuma kowa da kwafinsa a tasa kwamfutar. Ana matse fayil ɗin a gyara shi lokaci zuwa lokaci, a sa'ar da babu kowa a ciki. Ana ɗaukar kwafin ko-ta-kwana kullum, a ajiye ɗaya a wajen ginin, domin gobara ko ɓarawo ba za su bar na cikin aljihun tebur ba. Sannan a riƙa gwada buɗe kwafin, domin wanda ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Idan wuri ya girma, ko bayanan sun shafi kuɗin jama'a ko lafiyarsu, sai a koma ga rumbun uwar garke irin su PostgreSQL ko SQL Server, inda rumbun da kansa yake tantance kowa, babu hanyar zagaye.

Manyan ƙasashe ma sun ɗanɗana kuɗar rashin yin haka. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta amsa cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon nau'in fayil ɗin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, abin da ya wuce haka sai ya zube babu gargaɗi. An samu jinkiri wajen bin sawun mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar.

Abin da doka ta ce

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Kafin ita akwai ƙa'idojin 2019 da hukumar NITDA ta fitar. Dokar ta wajabta wa duk mai tara bayanan mutane, gwamnati ko ɗan kasuwa, ya ɗauki matakan tsare su, kuma ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓullar bayanan da ka iya cutar da masu su. Tarar manyan masu riƙe da bayanai takan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana kuma naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin ɗari. Dokar ta kuma ba kowane mutum 'yancin neman sanin abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara kuskure.

Abin da ya faru a 2024 ya nuna dalilin wannan doka. Kafar bincike ta FIJ da ƙungiyar Paradigm Initiative sun fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan lambar NIN ta 'yan ƙasa a kan naira 100 zuwa 200. Hukumar NIMC ta ce ba a kutsa cikin rumbunta ba. Ko da an ɗauki maganarta, darasin yana nan: bayanai kan iya fita ba tare da an fasa komai ba, muddin ana ba da izinin shiga babu mai bin sawun yadda ake amfani da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Tambayoyin da suka kamata

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna wajen zuba jari a fasahar sadarwa, kuma shugaban NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. Ba a rasa masu ilimin ba. Abin da ke ƙaranci shi ne masu tambaya, a majalisa da ƙungiyoyin ƙwadago da kafafen yaɗa labarai.

Tantancewa da zanen yatsa tana share jerin albashi ne a ranar da aka yi ta. Abin da zai hana shi sake cika shi ne amsar waɗannan tambayoyi. Mutum nawa ne ke da ikon ƙara suna a jerin albashin jiha da na ƙananan hukumomi 27? Kowannensu yana da sunan shiga nasa shi kaɗai? Wanda ya shigar da suna, shi ne kuma ke amincewa da shi? Akwai rajistar sauye-sauye da mai kula da rumbun ba zai iya gogewa ba, kuma Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yana duba ta? Kwana nawa ake ɗauka kafin a rufe izinin wanda ya yi ritaya? Ina ake ajiye kwafin ko-ta-kwana, kuma yaushe aka gwada shi na ƙarshe?

Waɗannan tambayoyi sun hau kan sakatariyar jiha kamar yadda suka hau kan makarantar unguwa da ƙungiyar adashi. Idan akwai rajista mai inganci, kowane sunan bogi yana da ranar da aka shigar da shi da sunan wanda ya shigar, kuma ana iya gabatar da wannan a gaban kotu. Idan babu, to za a cire sunaye a bana, a yi sanarwa, sannan bayan wasu shekaru a sake ware kuɗi domin wata tantancewar, yayin da matasan da suka gama karatu ke jiran guraben da waɗanda babu su suka mamaye.