Tara Dukiya Domin Ajiye Aiki da Wuri a Ma'aunin Fiƙihu: Misali daga Ƙasar Sundimina

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi tunanin nan da ke yaɗuwa tsakanin matasan ma'aikata, na mutum ya ƙuntata wa kansa a shekarun ƙuruciya, ya tara jari, ya ajiye aiki tun kafin tsufa. An auna shi da nassosi da maganganun malamai, aka kuma gwada lissafinsa a kan rayuwar Sundimina da kewayenta a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram. Sakamakon shi ne tanadin halal ne, amma zakka da haramcin riba da wajibcin ciyarwa suna sauya lissafin tun daga tushe.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurtawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya ita ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kodayake dokar 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40. To sai ga wani tunani ya shigo ta kafofin sada zumunta, yana kiran matashi ya 'yantar da kansa daga albashi tun yana ɗan arba'in. Ɗalibai kan yi tambaya: shin wannan ba dogon buri ba ne? Bai ci karo da tawakkali ba? Amsar tana buƙatar a fara sanin asalin tunanin.

2.0 Asalin Tunanin da Lissafinsa

A Amurka aka haifi wannan tunani. Littafin Your Money or Your Life na Vicki Robin da Joe Dominguez, wanda ya fito a 1992, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi. A 1994 wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamuni ta Amurka, ya gano cewa wanda ya cire kashi 4 cikin ɗari na jarinsa a shekarar farko, ya riƙa ƙara gwargwadon tashin farashi, jarin zai kai shi shekara talatin. Daga nan aka samo ƙa'idar mutum ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara.

Lissafin ya ginu a kan abubuwa uku: wani kaso na jarin yana cikin takardun lamuni masu kuɗin ruwa, tashin farashi bai cika tsananta ba, kuma mai dukiyar kansa da ƙaramin iyalinsa kaɗai yake ɗauke da su. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya dace da Musulmin kudancin Jigawa.

3.0 Hukuncin Tanadi

Dalilan halascin tanadi a bayyane suke. A Suratu Yusuf, aya ta 47 zuwa 49, Annabi Yusufu (AS) ya ba da shawarar a adana amfanin shekaru bakwai na yalwa a zangarniyarsa domin shekaru bakwai na fari. Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. A hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) kuwa, an hana shi yin wasiyya da fiye da sulusi, aka nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane.

Abin da ya jawo saɓani shi ne narkon da ya zo a Suratut Tauba, aya ta 34 da 35, a kan masu taskace zinariya da azurfa. Abu Zarrin Al-Gifari (RA) ya tsananta, yana ganin duk abin da ya wuce buƙata ya shiga cikin narkon. Jamhurin sahabbai da malamai sun tafi a kan fassarar Abdullahi ɗan Umar (RA), wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa taskar da ake zargi ita ce dukiyar da ba a fitar mata da zakka. Ke nan laifin yana cikin hana haƙƙi, komai ƙanƙantar dukiyar.

Imamu Muhammadu Ash-Shaibani a Kitabul Kasbi ya jera nema mataki-mataki: na farilla, wato abin da zai tsayar da rai, ya ciyar da iyali, ya biya bashi; sai na mustahabbi, domin taimakon dangi da mabuƙata; sai wanda aka yi rangwame a kansa, domin jin daɗi na halal; sai abin zargi, wato tarawa domin alfahari. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib yana kwaɗaitar da neman halal da sana'a. Saboda haka niyya da hanya su ne suke fayyace hukuncin mai tarawa.

4.0 Abubuwa Uku da Suke Sauya Lissafin

4.1 Zakka

A ɗauki misalin magidancin da yake kashe naira 200,000 a wata, wato miliyan 2.4 a shekara. Ninki 25 ya zama miliyan 60. Idan wannan jari kuɗi ne ko hajar kasuwanci, ya haye nisabi, wanda shi ne misƙali 20 na zinariya, kimanin giram 85. Zakkarsa ta kashi 2.5 cikin ɗari ita ce miliyan 1.5 duk shekara. Abin da zai riƙa fita daga jarin ya koma miliyan 3.9, wato kashi 6.5 cikin ɗari. In kuwa ya so kada jimillar ta wuce kashi 4, to kashi 1.5 kaɗai ya rage wa cefane, sai ya tara miliyan 160.

Akwai hikima a nan. Zakka ba ta barin kuɗi su kwanta. Shi ya sa Sayyidina Umar ya yi umarni, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, a riƙa juya dukiyar marayu domin kada zakka ta cinye ta. Gona da gidan haya da injin niƙa kuwa babu zakka a kan asalinsu matuƙar ba don sayarwa aka ajiye su ba. Tana hawa ne kan abin da suke samarwa: ushiri ga amfanin damina, rabin ushiri ga wanda aka shayar da wahala, idan ya kai wusuƙi biyar. Dabbobi suna da nasu nisabin, awaki da tumaki 40, shanu 30, kuma a mazhabar Malikiyya ana fitar musu ko a daji suke kiwo ko a turke. Wannan bai zama ƙofar gudun zakka ba, domin Malikiyya suna hukunta mai dabarar guje mata da kishiyar nufinsa.

4.2 Riba da Lalacewar Kuɗi

Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin farashin naira a watan Yuni, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ko da kashi 25 ne a shekara, kuɗin da aka ajiye suna rasa kusan rabin ƙarfinsu cikin shekara uku. Ajiyar banki mai kuɗin ruwa haramun ce, kuma sau da yawa ruwan ma ba ya cim ma tashin farashi.

Hanyoyin halal na zamani sun samu. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi. Hukumar Fansho ta Ƙasa ta buɗe asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, a 2021. Sai dai halascin hanya ba ya lamunce riba. Wanda gaggawa ta ɗebe shi kuma yakan faɗa tarkon masu alƙawarin ninka kuɗi, kamar MMM da ta rufe a Disambar 2016 da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025. Tsarinsu shi ne biyan na farko da kuɗin na baya, wanda ya haɗa garari da cin dukiyar mutane da ɓarna.

4.3 Ciyarwa

A fiƙihun Malikiyya wajibi ne mutum ya ciyar da matarsa, da 'ya'yansa maza har su balaga suna iya nema, da mata har su tare a gidan miji, da iyayensa idan matalauta ne. Wanda ya tauye abincin gida ko maganin mahaifiyarsa domin ya cika adadin da ya ɗibar wa kansa ya bar farilla ya kama abin da iyakarsa halal. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro.

5.0 Yadda Abin Yake a Sundimina

Mafi yawan mutanen Sundimina manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, ba su da ranar ritaya a takarda. Ritayarsu ita ce ranar da magidanci ya miƙa wa 'ya'yansa ragamar gandu, ya koma mai ba da shawara. Dukiyarsu tana cikin gona da turke da rumbu, kuma waɗannan sun fi naira jure wa tashin farashi. Ma'aikacin jiha yana da tsarin fanshon haɗin gwiwa da Jigawa ta kafa, amma fansho ginshiƙi ɗaya ne, wanda ya tafi tun shekarun aikinsa ba su yi nisa ba kuwa kasonsa ba zai taka kara ya karya ba. Akwai mas'aloli huɗu da mai tara dukiya a wannan yanki ya kamata ya sani.

Ta farko, ajiyar hatsi. Wanda ya adana gero ko dawa ko riɗin da ya noma har farashi ya tashi bai yi ɓoye ba a wurin Malikiyya. Wanda aka hana shi ne mai kwashe abinci daga kasuwa, kamar ta Sara ko ta Birnin Kudu, a lokacin da hakan zai cutar da jama'a.

Ta biyu, jinginar gona. An saba mai kuɗi ya ba da rance, ya karɓi gona yana nomawa har a biya shi. Wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma riba ne. Malikiyya sun yarda a sharɗanta amfana da jingina ne kawai idan bashin na ciniki ne kuma an ƙayyade lokaci. Mafita ita ce a yi hayar gonar da kuɗi sananne.

Ta uku, ba da kaka. Idan aka biya manomi kuɗi a hannu, aka ambaci nau'in hatsi da yawan buhu da lokacin karɓa, wannan shi ne salam, kuma halal ne. Idan kuwa buhun gero aka ba shi da bazara domin ya mayar da biyu da kaka, riba ce tsantsa.

Ta huɗu, ƙiradi. Mai albashi yana iya ba ɗan kasuwa jari a raba riba bisa kaso sananne, rabi ko sulusi. Sharaɗin a mayar da uwar kuɗi ko da an faɗi, ko a yanka wani adadi duk wata, yana ɓata ƙiradin.

Ya kamata kuma a rarraba dukiya. Ambaliyar 2022 ta nuna wa manoman Jigawa da dama cewa gona kaɗai tana iya tafiya a dare ɗaya.

6.0 Bayan Ajiye Aiki

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce: me za a yi da lokacin da aka samu? Bukhari ya ruwaito cewa lafiya da sarari ni'imomi biyu ne da mutane da yawa suke tafka asara a cikinsu, kuma ƙarshen Suratush Sharhi yana umartar wanda ya gama wani aiki ya tashi ga wani. Magabata sun nemi wadata domin wata manufa. Imamu Abu Hanifa ya yi kasuwancin tufafi yana ɗaukar nauyin almajiransa. Abdullahi ɗan Mubarak ya yi fatauci yana ciyar da malaman hadisi. Malamin da yake da gonarsa da garkensa yana iya faɗin gaskiya ba tare da tsoron a datse masa abinci ba. Irin wannan 'yanci ƙauyukanmu suke buƙata: mai karantarwa a makarantar Islamiyya ba da jiran albashi ba, mai sulhunta manoma da makiyaya, mai raba gado bisa ilimi. Sai dai likita ko malamin da babu mai maye gurbinsa a garinsu ya sani cewa farillar kifaya tana iya komawa farilla a kansa shi kaɗai, tafiyarsa ta zama cutarwa.

7.0 Kammalawa

Tanadi domin wadatuwa daga hannun mutane halal ne, yakan ma zama mustahabbi, bisa sharuɗɗa biyar: halascin hanya, fitar da zakka, cika haƙƙin ciyarwa, rashin cutar da jama'a a kasuwa, da kyakkyawar manufa ga lokacin da za a samu. Ƙa'idar ninki 25 ba ta yi wa Musulmin Nijeriya daidai ba, domin ba ta san zakka ba, ba ta kuma san halin naira ba. Abin da ya fi dacewa da mutumin Sundimina shi ne ya mallaki kadarorin da suke haihuwa, ya rarraba su, ya rubuta yarjejeniyoyinsa da shaidu kamar yadda ayar bashi ta koyar, sannan ya rage aikin neman abinci sannu a hankali gwargwadon yadda kadarorin suke ɗaukar gidansa. Allah Shi ne Mafi sani.