Waya a Hannu, Fure a Bakin Gona

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ta Kankiya a watan Satumba, ko ya ratse zuwa Kusada, zai tarar daji ya yi ado: tafasa ta fitar da fure rawaya, duman kada ya malale gefen kududdufai, bado ya lulluɓe ruwa da fari. Wayoyin matasanmu cike suke da hotunan biki da kwalliyar sallah, amma da wuya ka ga ɗaya daga cikin waɗannan furanni. Wannan asara ce, domin hoton fure shi ne hanya mafi arha ta adana sanin tsirran ƙasarmu.

Masana da fure suke tantance tsiro, don ganye kan yi kama da ganye, amma fure ba ya ɓoye asali. Tun ƙarni na 18 Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya karkasa tsirrai bisa sassan furanninsu. A 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa haɗe da na kimiyya. Sunayen na nan a takarda, sai dai dattawa da makiyaya da masu maganin gargajiya da za su nuna maka tsiron da yatsa suna ta raguwa, gonaki da masu saran itace kuma suna cinye daji. Hoto mai ɗauke da suna da rana da wuri shi zai riƙe sunan da tsironsa tare.

Aikin na bukatar sanin lokaci fiye da tsadar na'ura. Ciyayi a damina suke fure, daga Yuli zuwa Oktoba, yawancin manyan itatuwa kuwa sai rani: gawo bayan ɗaukewar ruwa, rimi cikin hunturu, ɗorawa ta rataya jajayen tutunta wajen Fabrairu da Maris. Kuka na buɗe farin furenta da almuru saboda jemagu, bado yana rufewa da hantsi, don haka mai sammako ne ke samun rabo. Hasken safiya na fito da launi, iska ma ba ta fara kaɗa reshe ba, alhali ranar tsaka kan kashe launin. Kowane tsiro a yi masa hoto uku: furen daga kusa, ganyen, sannan tsiron ɗungurungum.

Wani zai ce wannan aikin marasa abin yi ne. To, ya dubi wuta-wuta. Furenta na da kyan gani, amma tsiro ɗaya na zubar da iri dubbai masu kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, suna jiran saiwar gero da dawa. Hotonta na nuna wa malamin gona inda ta yi kaka-gida, a tuge ta kafin ta yi iri. Wani kuma zai kawo matsalar tsaro, kuma yana da gaskiya: babu furen da ya kai ran mutum. Amma galibin tsirran nan a bayan gari suke, abin da ake bukata kawai izinin mai gona.

Saura wurin ajiya, don hoton da ya tsaya a waya yana tafiya da wayar. Malaman sakandare a Kankiya da Kusada za su iya sa ɗalibai su tara hotunan damina guda, a tambayi dattawa sunaye, a miƙa wa masana tsirrai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma su tantance. Idan aka maimaita haka kowace shekara, za a gane tsiron da ke ɓacewa tun akwai sauran irinsa da za a ceto.